Yadda ake gane ko tsawo uku za su ba da kwana mai digiri 90, a takarda da kuma a filin gini

Ɗan ƙanwata ne ya same ni a tsakar gida bayan sallar isha'i, riƙe da littafinsa na lissafi. Yana ajin da ake kira katriyam, wato shekara ta uku, a wata sakandare a nan Garwa. Ya ce, "Kawu, an ba mu lambobi uku-uku, wai mu nuna waɗanda za su ba da alwatika mai kusurwar digiri 90 da waɗanda ba za su bayar ba." Na haska shafin da fitilar waya, idona ya sauka kan 6, 8, 10, sai na yi dariya. Waɗannan ai abokan aikina ne. Shekara da shekaru da su nake fitar da harsashin gidajen mutane daga unguwar Yelwa har ta Jambutu. Abin da malaminsa yake nema a takarda shi ne abin da nake yi da igiya da turke a cikin rana.

Tambayar guda ɗaya ce ko a ina aka yi ta. An ba ka tsawo uku, na sanda ne ko na igiya ko na layi a takarda. In ka haɗa bakunansu suka zama alwatika, shin ɗaya daga cikin kusurwoyin zai fito daidai kamar kusurwar takarda, wato digiri 90? Mu magina cewa muke yi kwana ta zauna. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ni dai a sha'anin kwana ban yarda da kimar ido ba. Digiri 88 da digiri 90 a ido duk ɗaya ne, sai ranar da aka zo sa tayil.

Kafin ka taɓa lissafi

Fara da duba ma'auni. Tsawon nan uku dole su kasance da awo iri ɗaya. In aka ce maka mita 0.9, santimita 120 da milimita 1500, mayar da su duka santimita: 90, 120, 150. Na fi son santimita domin yana kawar da ɗigo, kuma a wurin ɗigo aka fi yin tuntuɓe. A littattafan yaranmu na nan Kamaru da na Cadi, waƙafi ake sawa a inda 'yan Najeriya ke sa ɗigo, wato 0,9 maimakon 0.9. A wannan rubutu ɗigo nake amfani da shi, waƙafi kuma don raba dubbai kawai. Ka kuma lura da tef ɗinka, domin da yawa daga waɗanda ake sayarwa a kasuwa gefe ɗaya santimita ne, ɗaya gefen inci. Na taɓa ganin yaron da ya karanta gefe biyu da santimita, na uku da inci.

Daga nan ka ware mafi tsawo. Shi ne zai fuskanci kwanar, ba ya taɓa ta. Sauran biyun su ne ke haɗuwa su yi kwanar. Malaman makaranta suna sane suke hargitsa jerin, su rubuta 17, 8, 15, don su ga wanda zai ɗauki na ƙarshe a matsayin babba ba tare da ya duba ba. Ka sake jera su da kanka daga ƙarami zuwa babba: 8, 15, 17. In biyu suka yi kunnen doki a matsayin mafi tsawo, kamar 5, 9, 9, ka huta da lissafi, babu digiri 90 a ciki, domin gefen da ke fuskantar irin wannan kusurwa dole ya fi kowanne daga cikin sauran tsawo.

Sai ƙaramin bincike guda: haɗa ƙananan biyu, ka ga ko sun wuce babban. Ɗauki 2, 3, 6. Biyu da uku biyar ne, ba su kai shida ba, saboda haka ko ka kwana kana juya sandunan bakunansu ba za su haɗu ba. Babu alwatika ma, balle a yi maganar kusurwarta. Haka 4, 5, 9: sun haɗu, amma a kwance kan layi ɗaya.

Lissafin kansa

Ninka kowane tsawo da kansa. Haɗa sakamakon ƙananan biyu. Kwatanta jimlar da sakamakon babban. Shi ke nan.

Ga 6, 8, 10. Shida sau shida 36. Takwas sau takwas 64. Jimla 100. Goma sau goma 100. Sun yi daidai, kwana ta zauna, kuma tana tsakanin gefen 6 da gefen 8.

Ga 8, 15, 17 da muka jera ɗazu: 64 da 225 sun ba da 289, sha bakwai sau sha bakwai kuma 289. Ta zauna. Haka 90, 120, 150: 8,100 da 14,400 sun ba da 22,500, shi ne kuma 150 sau 150.

In ba su yi daidai ba, amsar ita ce a'a, amma kada ka tsaya nan, domin lambobin suna gaya maka ta wane ɓangare aka kauce. Ɗauki 7, 9, 12. Jimlar 49 da 81 ita ce 130, babban kuma ya ba da 144. Babban ya fi jimlar, ma'ana kwanar ta buɗe, ta haura digiri 90. Ɗauki 6, 7, 8. Jimlar 36 da 49 ita ce 85, babban ya ba da 64 kawai. Bai kai ba, ma'ana kwanar ta tsuke. Ga ɗalibi wannan ƙarin bayani ne, ga magini kuwa shi ne zai nuna masa ko ciki zai matsar da turke ko waje.

Yaron ya tambaye ni, "To Kawu, me ya sa haka?" Na aike shi ɗakin matata ya ɗauko almakashi. Na ce ya ɗauka tsinin nan biyu su ne ƙananan gefuna, tazarar da ke tsakanin bakunansu kuma ita ce babban gefe. Yana buɗe almakashin tazarar tana ƙaruwa, yana rufewa tana raguwa, ba ta taɓa komawa baya a tsakiyar tafiya. Saboda haka kowace tazara buɗewa guda ɗaya tak ce ke ba da ita. Mun riga mun san cewa in gefuna 3 da 4 suka tsaya a digiri 90, tazarar 5 ce. To in ka auna ka samu 5, babu wata buɗewa da za ta iya ba ka ita sai wannan. Shi kuwa batun ninka lamba da kanta, na jera masa a ƙasa da tsakuwa: layi uku na uku-uku tara ne, layi huɗu na huɗu-huɗu sha shida ne, ka tattara su ka sake jerawa, za su cika layi biyar na biyar-biyar ba saura ba gibi.

Ƙa'idar da ke cewa in kusurwa digiri 90 ce to lissafin nan zai yi daidai, a makaranta ana jingina ta ga Fitagoras, Bagirken da aka haifa a tsibirin Samos wajen shekara ta 570 kafin haihuwar Annabi Isa. Amma mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun riga shi da fiye da shekara dubu. Akwai wani allon yumɓu nasu na wajen 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, ana kiransa Plimpton 322, yana ajiye a Jami'ar Kolumbiya a Amurka, layinsa na farko yana ɗauke da 119 da 169, waɗanda cikonsu shi ne 120. Abin da muke yi a nan, wato tashi daga tsawo a gano kusurwa, shi ne juyin ƙa'idar, kuma da hujjarsa Iƙlidis, masanin lissafi na Girkawan dā, ya rufe kashi na farko na littafinsa na lissafi, a mas'ala ta 48. Ɗalibi ya kiyaye wannan bambanci, domin a jarrabawa irin ta BEPC, wato ta kammala ƙaramar sakandare, ana duba ko ka ambaci ƙa'idar ce ko juyinta. Kada kuma ka rubuta alamar daidai tsakanin ɓangarorin biyu tun daga layin farko. Lissafa kowanne daban, sannan ka kwatanta, sannan ka yanke hukunci.

Inda ake faɗuwa, da 'yan gajerun hanyoyi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ninkawa da biyu maimakon ninka lamba da kanta. Biyar sau biyar 25 ne, ba 10 ba. Na biyu shi ne a haɗa ƙananan tukuna sannan a ninka: 3 da 4 bakwai, bakwai sau bakwai 49. Wannan ba shi ba ne, kowanne ake ninkawa shi kaɗai kafin a haɗa. Na uku ya fi wayo. Mutum ya san 3, 4, 5 suna aiki, sai ya zaci in ya ƙara ɗaya a kan kowanne, 4, 5, 6 ma za su yi. Gwada: 16 da 25 sun ba da 41, shida sau shida 36. Ba su yi ba. Ƙari yana ɓata siffar, ninki ne ba ya ɓatawa. Ninka dukkansu da biyu, ko da goma, ko ka raba su gida biyu su zama 1.5, 2, 2.5, kwanar tana nan yadda take.

Wannan shi ne gajeriyar hanya ta farko. In lambobin sun yi girma, nemi abin da zai raba su duka. 45, 60, 75 in ka raba da 15 sun koma 3, 4, 5. Haka 150, 360, 390 in ka raba da 30 sun koma 5, 12, 13. Yana da kyau mutum ya haddace 'yan kaɗan kamar yadda ya haddace lambar wayarsa: 3, 4, 5, sai 5, 12, 13, sai 8, 15, 17, sai 7, 24, 25, sai 20, 21, 29.

Ta biyu ita ce na fi so, domin da ka ake yinta. Ɗauki manyan biyu. Cire ɗaya daga ɗaya, sannan ka haɗa su, sannan ka ninka amsoshin biyu da juna. In abin da ya fito ya yi daidai da ƙaramin sau kansa, kwana ta zauna. Ga 13, 84, 85: bambancin 85 da 84 ɗaya ne, jimlarsu 169, ɗaya sau 169 shi ne 169, sha uku sau sha uku kuma 169. An gama, ba ka sha wahalar 84 sau 84 ba. Gwada da na mutanen Babila: 169 a cire 120 saura 49, a haɗa su 289, ninkinsu 14,161, shi ne kuma 119 sau 119.

In kuma kai ne kake son ƙirƙiro irin waɗannan lambobi don gwada yara, ɗauki kowace mara, wato lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, daga uku zuwa sama, ka ninka ta da kanta, ka raba amsar gida biyu maƙwabtan juna. Tara sau tara 81, wato 40 da 41. To 9, 40, 41 suna aiki. Sha ɗaya sau sha ɗaya 121, wato 60 da 61, ka samu 11, 60, 61.

Wani lokaci za a ba ɗalibi tsawo mai alamar saiwa, kamar √2, √7 da 3. Kada ya ruga wajen kalkuleta. Saiwar lamba in aka ninka ta da kanta lambar ce ke dawowa, saboda haka 2 da 7 sun ba da 9, uku sau uku kuma 9. In ya mayar da su 1.41 da 2.65 tukuna, zai samu abin da ya kusa tara amma ba tara ba, ya shiga ruɗu a banza.

Kusa da daidai

Nan ne takarda da filin gini suke rabuwa, kuma nan ne na fi son a natsu. Ɗauki 5, 5, 7. Jimlar 25 da 25 hamsin ce, bakwai sau bakwai 49. Bambancin ɗaya tak. A jarrabawa amsar a'a ce, babu ciniki. A fili kuma, in mita ne, wani zai ce ai ɗaya ba komai ba ne. Alhali tsawon da ya kamata a samu mita 7 ne da santimita 7, kwanar ta tsuke da fiye da digiri ɗaya, kuma ƙarshen bangon nan mai mita 5 ya kauce da santimita 10.

Yanzu duba akasinsa. Ɗaki mai mita 3.5 da mita 4. A santimita, 350 sau 350 ya ba da 122,500, 400 sau 400 ya ba da 160,000, jimla 282,500. Ka auna daga kwana zuwa kwanar da ke fuskantarta ka samu 532. Ninkinsa 283,024. Bambanci 524! Mai ganin wannan zai ce a rushe. Alhali ɗakin lafiyarsa ƙalau, domin tsawon da ake nema 531.5 ne, rabin santimita kawai aka wuce.

Bambancin ɗaya ya zama ɓarna, bambancin ɗari biyar ya zama ba komai. Dalili shi ne lambobin da aka ninka ba su ne tef yake karantawa ba. Saboda haka a wurin aiki, bayan ka haɗa jimlar, ɗauki saiwarta a kalkuletar wayarka, ka samu tsawon da ya kamata, sannan ka kwatanta shi da abin da tef ya nuna, santimita da santimita. In wayar ba ta nuna alamar saiwa ba, a wasu wayoyin sai ka kwantar da ita a gicciye take fitowa. Ni a ɗaki na yau da kullum ina haƙuri da rabin santimita. In ya kai ɗaya sai na sake ja. Mai walda da kafinta kuwa nasu ya fi tsanani, milimita biyu a firam ɗin ƙofa ya isa ya sa ta riƙa gogar ƙasa.

Wannan ɗaki na mita 3.5 da 4 ban zaɓe shi haka kawai ba. Farkon fara karɓar aiki da kaina, wani Alhaji ya ba ni ɗaki da falo a bayan gidansa. Na fitar da kwana da ƙaramar ekyar ta ƙarfe, wadda a Najeriya ake ce wa sukwaya, na ɗora ta a kan igiya na duba da ido na ce ya yi. Gini ya tashi, aka yi rufi, aka yi filasta, kowa yana sa albarka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai sa tayil, karo muke ce masa a nan, ya fara jeri daga bakin ƙofa yana bin bango ɗaya. Layin da ke jikin ɗaya bangon ya fara da cikakken karo, yana tafiya wani gibi yana buɗewa tsakaninsa da bango, har a ƙarshen ɗakin gibin ya isa mutum ya sa tafin hannunsa a kwance da saura. Ya yanka ƙananan guntaye masu kama da wuƙa yana cusawa. Alhaji ya shigo, ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Malam, ɗakin ne ya karkace ko idona?" Na ja tef daga kwana zuwa kwana, 540. Santimita takwas da rabi kacal a kan 531.5, amma a ƙarshen bangon mita 4 ya zama santimita 13, kusan kaurin bulo. Siminti ya riga ya kama. Na sauke masa kuɗin aiki, shi kuma ya sa kabad a wannan lungu.

Fitar da kwana a ƙasa

Kayan aiki ba su da yawa: tef mai tsawo, igiyar gini, turaku, guduma, ƙusoshi, da toka ko farar ƙasa ta yin zane. Mutum uku sun fi, biyu ma za su iya.

Da farko ka tsayar da layin da ba ya motsi. Yawanci layin titi ne ko iyakar da ke jikin takardar fili. In masallaci ne, bangon alƙibla ake fara tsayarwa, wadda daga nan Garwa take gabas maso arewa, sauran bangwaye su bi shi. Ja igiya ta miƙe sosai tsakanin turaku biyu. A inda kwanar za ta kasance, kafa turke, ka buga ƙusa a kansa. Daga yanzu duk awo daga ƙusar nan yake tashi, ba daga gefen turke ba. Kan turke yana iya kai santimita huɗu ko biyar, in yau ka auna daga wannan gefe gobe daga wancan, ka riga ka yi asarar abin da kake nema.

Daga ƙusar, bi igiyar ka auna mita 4, ka kafa turke na biyu da tasa ƙusar. Yanzu kana neman wuri na uku, wanda yake mita 3 daga ƙusar farko, kuma mita 5 daga ta biyu. In kana da tef biyu, mutum ɗaya ya riƙe bakin tef a ƙusar farko, wani ya riƙe ɗayan a ƙusa ta biyu, kai kuma ka ja su duka har 3 na wannan ya hau kan 5 na wancan. Nan ne turke na uku. In tef ɗaya ne, ɗaura ƙusa ka zana ɗan baka a ƙasa a nisan mita 3 daga ƙusar farko, ka sake zana wani a nisan mita 5 daga ta biyu. Inda bakunan suka gitta juna nan ne wurin. Ja igiya daga ƙusar farko ta bi ta kan ta uku ta wuce iya tsawon bangon.

Wasu suna ɗaura igiya mai mita 12 ta zama zobe, da alama a mita 3 da mita 7, mutum uku su ja ta. Tana aiki, amma igiyar leda tana miƙewa in an ja ta, kuma ƙulli yana cin tsawo. In za ka yi, ka ƙulla tukuna sannan ka auna ka sa alama, kuma ka ɗauke ta a matsayin ta fara aiki, tef ne zai tabbatar.

Abin da ya kayar da ni a gidan Alhaji shi ne ƙanƙantar abin awo. Ka yi alwatikar da girma iya yadda fili ya ba ka dama. A ce ka yi kuskuren santimita ɗaya a dogon gefe, bangonka kuma mita 12 ne. In da santimita 60, 80, 100 ka yi aiki, ƙarshen bangon zai kauce da kusan santimita 25. In da mita 3, 4, 5 ne, santimita 5. In da mita 6, 8, 10 ne, biyu da rabi. Kuskuren hannu iri ɗaya ne, girman alwatikar ne ya rage masa ƙarfi. Sittin, tamanin, ɗari na firam ɗin taga ne da teburin kafinta, ba na harsashi ba.

Tef ɗin ya miƙe, kada ya yi ciki, kuma ya kwanta daidai ko da ƙasar tana da gangara, kamar filayen da ke sauka wajen kogin Binuwai. In ka bi gangarar da tef za ka samu tsawon da ya fi na gaskiya. Ɗaga ɓangaren da ke ƙasa, ka saukar da ma'aunin da igiya mai nauyi a baki. Sannan ɗan ƙarfen da ke bakin tef yana lanƙwashewa in ya tsufa. In ba ka yarda da shi ba, ɗora alamar santimita 10 a kan ƙusa, ka nemi 310, 410 da 510. Ka dai faɗa wa yaronka da babbar murya, domin in kai ka ƙara goma shi bai ƙara ba, gara ma a bar bakin tef ɗin yadda yake.

Bayan kwana huɗu sun tsaya

Kada a fara haƙa sai an yi awon ƙarshe. Auna bangwaye huɗu, ka tabbata gaba da baya tsawonsu ɗaya, hagu da dama ma haka. Sannan ka ja tef a gicciye daga kwana zuwa kishiyarta, ka sake ja ta ɗaya ɓangaren. Dole su zo ɗaya, kuma su dace da lissafi. Fili mai mita 15 da 20 giccinsa 25 ne cif, domin 3, 4, 5 ne aka ninka da biyar. Gida mai mita 9 da 12 giccinsa 15.

Akwai masu auna gicciye biyu kawai, in sun zo ɗaya su ce an gama. Bai isa ba. Ɗakin da gabansa mita 4 ne, bayansa 3.6, in gefunansa biyu sun karkato ciki daidai wa daida, giccinsa biyu za su zo ɗaya alhali babu kwana ko ɗaya da ta zauna. Shi ya sa ake fara tabbatar da bangwaye. In bangwayen sun yi daidai amma gicciye ɗaya ya fi ɗaya, siffar ce ta zame gefe. Kada ka taɓa layin titi. Matsar da turakun baya guda biyu tare, tazara ɗaya, zuwa ɓangaren da zai rage dogon giccin, kaɗan-kaɗan, kana sake aunawa har su haɗu.

Da zarar sun haɗu, fitar da alamominka waje. Turakun da ke kan kwana masu haƙa za su tumɓuke su da bugun diga na farko. Kafa katako a kwance kan turaku biyu kamar mita ɗaya a bayan kowace kwana, ka ja igiyoyin su wuce har kansa, ka buga ƙusa a inda kowace igiya ta sauka. Ko an kwance igiya don a yi haƙa, ana mayar da ita kan ƙusoshin kwanar za ta dawo inda take. Zuba toka a ƙarƙashin igiya don masu haƙa su ga layi.

In da yamma aka yi wannan aiki, washegari da safe ka sake jan giccin nan biyu kafin kowa ya ɗaga diga. Awakin unguwa suna son soshe jikinsu da turke, yara kuma suna son igiya.